Bara da Akwatin Zaɓe: Dukiya, Matsayi da Biyayya ga Jam'iyya a Likoro da Arewacin Zazzau

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda dukiya da matsayi suka shafi biyayya ga jam'iyyun siyasa a arewacin masarautar Zazzau, yankin da Likoro, Hunƙuyi, Kudan, Maƙarfi da Ikara suke, ta hanyar duba manyan zaɓuka biyu, na 1959 da na 1979. Ta tsaya a kan cewa abin da ya fi rarraba masu ƙuri'a shi ne gwargwadon yadda abincin mutum yake a hannun wani, fiye da yawan abin da ya mallaka. Daga nan ta auna wannan da ra'ayin malaman da suka ɗauki ƙuri'a a matsayin shaida.

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk lokacin da babban zaɓe ya ƙarato, akan ji mumbarori sun ɗauki zancen sayar da ƙuri'a. Akan ambaci sabulu da atamfa da taliya, a tsoratar da talaka game da cin amana, a ce kwaɗayi ne ya sa yake sayar da shekara huɗu da abincin yini ɗaya. Wa'azin yana da gurbinsa. Sai dai ya ginu a kan zaton cewa mai ƙuri'a mutum ne mai cin gashin kansa, wanda ya tashi da safe da zaɓi a hannunsa, sannan ya ga dama ya sayar. Tarihin ƙasar Zazzau bai goyi bayan wannan zato ba. Tun ranar da aka fara kafa akwati a ƙauyukanta, mafi yawan waɗanda suka shiga rumfa sun shiga ne ɗauke da haƙƙin wani a wuyansu.

Likoro tsohon gari ne a arewa da birnin Zariya, a yankin da hanyoyin fatake suka bi tsakanin Zazzau da Kano. A yau ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kudan, mai hedikwata a Hunƙuyi, wadda aka cire daga Maƙarfi a 1996. Ƙasa ce ta noma: dawa da masara da auduga da gyaɗa a tudu, rake da tumatir da albasa a fadama, kuma sunan Maƙarfi da Kudan ya daɗe da tafiya tare da rake da mazarƙwaila. Daga irin wannan gari za a dubi siyasar lardi da ta jiha, domin a nan ne hukuncin da aka yanke a Zariya ko Kaduna yake isowa ƙofar gidan mutum.

Mai dukiya da mai iko

Masanin halayyar al'umma M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna cewa Bahaushe yana jera mutane ne bisa asali da sana'a da sarauta. Masu sarauta suna sama, malamai da manyan attajirai suna biye, sai tarin manoma da masu sana'o'in hannu, sannan mahauta da maroƙa a ƙasa. Wannan jeri bai bi nauyin aljihu ba. Mahauci yana iya fin limami kuɗi nesa ba kusa ba, amma ba ya zama a inda limami yake zama. Abu na biyu da Smith ya jaddada, wanda ya fi muhimmanci ga wannan nazari, shi ne barantaka. Kusan kowa baran wani ne. Dagaci baran hakimi ne, hakimi baran sarki, ƙaramin ɗan kasuwa baran attajirin da ya ba shi jari, manomi baran wanda ya ara masa gona ko ya tsaya masa a gaban alƙali. Ubangida yana ba da kariya da taimakon biki da suna, bara yana biya da hidima da biyayya. Ba a ɗaukar wannan abin kunya. Wanda ba shi da ubangida shi ake tausaya wa.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya riga ya yi bayanin tushen wannan a cikin Muƙaddima, inda ya nuna cewa alfarma, wato kusanci da iko, ita ke jawo dukiya, domin mutane suna yi wa mai alfarma aiki kyauta don neman kusanci da shi, kuma attajirin da ba shi da inuwar mai mulki dukiyarsa tana cikin haɗari. Haka abin yake a Arewa a ƙarshen zamanin Turawa. Cinikin gyaɗa da auduga yana hannun hukumomin sayen amfanin gona, kuma sai mai lasisi ke saye a madadinsu. Kwangilar gini da ta safara da rancen gwamnati duk ta hannun En'e da gwamnatin Kaduna suke bi. Babban attajiri, ko da zuciyarsa tana wani wuri, ba shi da halin ya yi gaba da hukuma. Dukiyarsa ita ce dabaibayinsa.

A can ƙasa kuma akwai manomin da hatsinsa yake ƙarewa kafin damina ta raba. Shi ne mai cin bashin falle, ya karɓi dami ɗaya a lokacin yunwa ya biya biyu da kaka, mu'amalar da hukuncinta bai ɓoyu ga ɗalibin fiƙihu ba. Shi ne mai barin gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Dagaci ne yake yanka masa haraji, kuma dagaci ne yake da ta cewa a kan gonar da yake nomawa. Wannan ma ba shi da halin cewa a'a.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani rukuni da ba a cika lura da shi ba: tela, mahauci, maƙeri, ɗan koli, direban mota, ƙaramin ɗan kasuwa mai yawo tsakanin kasuwanni, malamin zaure da almajiransa. Ba su da dukiyar da za a ƙwace, kuma abincinsu bai rataya a kan gonar aro ba. Idan gari ya yi zafi, tela yana iya ɗaukar kekensa ya koma Tudun Wada ko Sabon Garin Zariya. Binciken Richard Sklar da na C. S. Whitaker a kan jam'iyyun wancan zamani ya nuna cewa daga irin waɗannan mutane ne NEPU ta samu mafi yawan shugabanninta na rassa, yayin da shugabancin NPC ya cika da ma'aikatan En'e da hakimai da manyan 'yan kasuwa.

Zaɓen 1959

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma sanarwar manufofinta ta fito fili ta bayyana al'ummar Arewa a matsayin rukuni biyu masu karo da juna, masu riƙe da En'e da talakawa. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, a 1951. Zaɓen wannan shekara na hawa-hawa ne, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma ba ta fita da kujera ko ɗaya ba.

Zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 shi ne na farko da kowane baligi namiji a duk faɗin Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye kuma a asirce. Mata ba su da ƙuri'a. Kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan shamaki, da alamar jam'iyyarsa a jiki: fartanya ga NPC, tauraro ga NEPU. Daga kujeru 174 na Arewa, NPC ta samu 134, NEPU ta samu 8. Wanda ya tsaya a kan kujeru zai ce talakawa sun juya wa jam'iyyar talakawa baya. Amma NEPU ta samu ƙuri'a sama da rabin miliyan, NPC kuma kusan miliyan biyu. Tsarin da ya ba wanda ya zo na ɗaya komai shi ya mai da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un NPC ya zama kujera takwas.

Ya kamata a tuna da abin da mutum yake fuskanta kafin ya kai ga akwati. A lokacin 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai duk a ƙarƙashin En'e suke. Ba a yin lacca sai da izininta. Laifin zagin sarki ko yin taro ba izini ya kai 'yan NEPU da yawa kurkuku, wasu da bulala, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka ɗaure sau da dama, ita ce misalin da kowa ya sani. A birni akwai lauyan jam'iyya da jarida da taron jama'a. A gari kamar Likoro, wanda ya karɓi katin NEPU ya san cewa mai unguwa zai sani kafin magariba, kuma mutumin da zai yanka masa harajin baɗi shi ne wanda ya saɓa wa. Asirin akwati na yini ɗaya ne, zaman gari kuwa na kullum ne. A ganin mai wannan nazari, abin da yake buƙatar bayani a zaɓen 1959 shi ne yadda aka samu rabin miliyan da suka yi ƙarfin hali.

Dukkan ɓangarorin biyu da harshen addini suka yi magana, kuma wannan ya shafi masu karatun wannan mujalla kai tsaye. NPC ta riƙe hujjar ɗa'a ga shugabanni da haɗin kan jama'a, ta nuna Sardauna Ahmadu Bello a matsayin jinin Shehu Usmanu, ta kuma zargi NEPU da ƙawance da NCNC, jam'iyyar da ba Musulmi ke jagoranta ba. NEPU ta mai da martani daga cikin littattafan masu jihadi kansu. Malam Aminu Kano ɗan gidan alƙalai ne, Malam Sa'adu Zungur ɗan gidan malamai ne na Bauci, kuma sun san cewa Shehu a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin al'adun sarakunan da ya yaƙa. Tambayar da suka jefa mai sauƙi ce: idan waɗannan abubuwa zalunci ne a zamanin sarakunan Haɓe, me ya halatta su a hannun jikokin masu tuta? Malamai sun rabu a kan amsa, kuma rabuwar tasu ta bi layin da aka ambata a sama. Malamin da yake karɓar albashin En'e, alƙali ne ko limamin Juma'a ko malamin makaranta, ya fi karkata ga hujjar ɗa'a. Malamin zaure da yake ci daga gonarsa da sadakar almajirai ya fi samun sararin karanta Kitabul Farƙ da babbar murya. Ba a faɗi wannan don tuhumar niyyar kowa ba. Malami ma mutum ne mai iyali.

Zaɓen 1979: akwati biyar, amsa biyu

Shekara ashirin bayan haka, abubuwa da yawa sun sauya. Gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e ɗin kanta, kuma Ikara ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi goma sha huɗu na tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da lardin Katsina. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. Mata sun samu ƙuri'a. Kuɗin man fetur ya haifar da sabon ubangida: ɗan kwangila, dillalin takin zamani, babban ma'aikaci mai ritaya da ya dawo ya sayi fadama. Barantaka ba ta mutu ba, iyayen gida ne suka ƙaru, kuma ƙaruwarsu ta ba bara ɗan sararin da bai taɓa samu ba.

Jam'iyyu biyar aka yi wa rajista. Biyu ne suka yi tasiri a arewacin Zazzau: NPN mai alamar gida da masara, wadda ta gaji mafi yawan mutanen NPC, da PRP ta Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, magajiyar NEPU. An yi zaɓen a ranakun Asabar biyar, daga 7 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta. A zaɓen majalisar dokokin jiha na 21 ga Yuli, daga kujeru 99, NPN ta samu 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Bayan mako guda, ranar 28 ga Yuli, jihar nan dai ta zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, mutumin Kaya ta ƙasar Giwa, ya zama gwamna, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN da 'yar rata kaɗan. Bayan mako biyu kuma, a zaɓen shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari na NPN ne ya zo na ɗaya a jihar, Malam Aminu Kano yana biye.

An ba da dalilai da dama a kan wannan juyi, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Ƙananan jam'iyyun da suka ga ba za su kai labari ba sun karkata magoya bayansu ga ɗan takarar PRP. Kudancin Zariya, wanda ya daɗe yana adawa da mulkin masarauta, ya ba da ƙuri'a mai yawa. Tsohuwar gasa tsakanin lardin Zazzau da na Katsina ta yi aiki, domin Lawal Kaita Bakatsine ne. Akwai kuma 'yan NPN da ba su ji daɗin yadda aka tsai da ɗan takara ba. Wanda ya ce ƙuri'ar talakawa kaɗai ta kawo Balarabe Musa ya yi wa tarihi ƙwange.

Duk da haka akwai wani dalili da ya dace da abin da aka shimfiɗa a baya. Ɗan majalisar jiha ɗan gida ne. An san mahaifinsa, an san wanda ya tsaya masa, kuma wakilinsa a gari shi ne mutumin da ya ba da rancen taki ko ya biya kuɗin asibiti. Ƙin zaɓensa butulci ne da za a gani a fuska. Gwamna kuwa yana nesa. Babu wanda ya ci bashinsa, babu wanda zai haɗu da shi a masallaci. A akwatin ɗan majalisa, manomi ya biya haƙƙin ubangida. A akwatin gwamna ya samu damar faɗin abin da ke ransa game da haraji da gona. Mutum ɗaya yana iya yin duka biyun ba tare da ya ji ya saɓa wa kansa ba, domin a wurinsa biyayya ga mutum ake yi, jam'iyya kuwa rigar da mutumin ya sa ce.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa ɓangarorin biyu sun fahimci abin da ake taƙaddama a kai. A kwanakin farko na Oktoba 1979, Balarabe Musa a Kaduna da Muhammadu Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Kuɗin da ake tarawa ba shi ne babban abin ba, domin a zamanin man fetur bai taka kara ya karya ba. Abin da aka cire shi ne igiyar da ta ɗaure magidanci da dagaci, wato ikon yanka wa mutum abin da zai biya da ikon kama shi idan ya gaza. Gwamnan ya kuma kafa hukumar binciken filaye don sauraron koken manoman da aka ƙwace wa gonaki, kuma a zamaninsa aka kafa masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara. Majalisa, ƙarƙashin shugabancin Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa sau da dama, har ya yi mulkinsa duka ba tare da majalisar zartarwa ba. Tsige gwamna yana buƙatar kashi biyu bisa uku, wato kujeru 66, kuma kujera biyu kacal suka rage wa NPN tun farko. Ta samu ciko, aka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya gaje shi.

Yana da kyau a lura da su wane ne suka jagoranci jam'iyyar talakawa. Balarabe Musa ƙwararren akanta ne kuma babban manomi. Sakataren gwamnatinsa, Dokta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne. Waɗannan mutane ne da ilimi ko asali ya 'yanta su daga buƙatar ubangida. PRP ɗin ma ba ta tsira daga cutar da ta zo magani ba. Tun 1980 ta dare gida biyu, 'yan santsi da suka bi gwamnonin biyu da 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam, a kan halartar taron gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, kuma a garuruwa da yawa mutum ya bi ɓangaren da jagoransa na kusa ya bi. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. A zaɓen wannan shekara Lawal Kaita ya hau kujerar da ta kuɓuce masa, ya yi wata uku a kai, soja suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba.

Idan ƙuri'a shaida ce

Malaman wannan zamani da suka halatta shiga zaɓe sun nemi gurbin da za su ajiye ƙuri'a a cikin babukan fiƙihu. Mufti Muhammad Shafi na Pakistan ya siffanta ta da shaida da ceto da wakilci, Shaihu Yusuf al-Ƙardawi ma ya ɗauke ta shaida ce a kan cancantar ɗan takara. A kan wannan ƙiyasi ne mafi yawan wa'azinmu ya ginu: wanda ya zaɓi wanda bai cancanta ba ya yi shaidar zur, wanda ya ƙi fita ya ɓoye shaida.

To amma babin shaida a mazhabar Malikiyya bai tsaya a nan ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ba a karɓar shaidar abokin husuma, ko wanda ake tuhuma, ko wanda yake jawo wa kansa amfani ko yake tunkuɗe wa kansa cuta da shaidar tasa. Malaman mazhaba sun sanya wanda yake ƙarƙashin ciyarwar mutum a cikin waɗanda ba a karɓar shaidarsu a gare shi. Hikimar a fili take: Shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ta san zai yi masa wuya, wato ya faɗi gaskiya a kan wanda abincinsa yake hannunsa. Ta ɗauke masa nauyin tun farko. Idan aka bi ƙiyasin har ƙarshensa, manomin da ya ci bashin falle ko ya karɓi taki a hannun wakilin ɗan takara shaida ne da alƙali ba zai saurara ba. Tsarin zaɓe kuwa ya kira shi, ya ƙirga muryarsa, sannan mai wa'azi ya ɗora masa laifin sakamako.

Ba a nufin cewa mai ƙuri'a ba shi da alhaki. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi gargaɗi mai tsanani ga mutumin da ya yi mubaya'a ga shugaba don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya warware. Amma siffar da hadisin ya zana ta mai ciniki da biyayyarsa ce, mai zaɓin ya ba da ko ya hana. Ta fi dacewa da ɗan kwangila da dillalin siyasa da malamin da yake sauya huɗuba bayan an kai masa ziyara, fiye da magidancin da rumbunsa ya ƙare a watan Yuli. Fiƙihu ya san bambanci tsakanin mai kwaɗayi da wanda aka tilasta, kuma ya san cewa a wajen rashawa, malamai da yawa sun sauƙaƙa wa wanda ya bayar don kuɓutar da haƙƙinsa, suka bar zunubin a kan mai karɓa. Ayar Suratul Hashri da ta bayyana hikimar rabon fai'i, don kada dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai, tana da fuska ta siyasa da ba a cika tattaunawa ba: inda dukiya ta taru a hannu kaɗan, shaidu masu 'yanci ma kaɗan ne. Zakka da waƙafi da rance mai kyau, waɗanda muke karantarwa a babin ibada da mu'amala, su ne kayan aikin da Shari'a ta tanada don raba mabuƙaci da dogaro ga mutum ɗaya.

'Ya'yan yankin a Jamhuriya ta Huɗu

Daga 1999 yankin da ake magana a kai ya daina zama ɗan kallo, ya zama mai fitar da 'yan takara. Alhaji Ahmed Muhammad Maƙarfi ya yi gwamnan Jihar Kaduna a PDP daga 1999 zuwa 2007. A zaɓen 2003 babban abokin karawarsa shi ne Alhaji Sulaiman Usman Hunƙuyi na ANPP, wato garuruwa biyu maƙwabta suka fitar da manyan 'yan takarar jiha guda. A 2015 suka sake haɗuwa a takarar sanatan Kaduna ta Arewa, Hunƙuyi a APC ya kayar da Maƙarfi, a shekarar da kalmar "sak" ta sa jama'a suka zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa saboda Janar Muhammadu Buhari. Wannan ma biyayya ce ga mutum, sai dai mutumin na nesa ne, irin wanda bara yake zaɓa idan ya samu sarari, kamar yadda aka gani a akwatin gwamna na 1979.

A 1959 ana iya duban sana'ar mutum a yi hasashen jam'iyyarsa, a 1979 ma ana iya yin haka gwargwado. Jam'iyyun yau ba su bambanta a kan haraji ko gona ba, kuma shugabanninsu daga rukuni ɗaya suke. Hunƙuyi ya bar APC ya koma PDP a 2018, ya yi takarar gwamna a NNPP a 2023. Alhaji Isa Ashiru Kudan, wanda ya wakilci Maƙarfi da Kudan a majalisar wakilai daga 2007 zuwa 2015, ya nemi tikitin gwamna a APC a 2014, sannan ya zama ɗan takarar PDP a 2019 da 2023. A zaɓen 2023, mai ƙuri'a a Likoro ya tarar da 'ya'yan ƙaramar hukumarsa biyu a kan takardar zaɓen gwamna guda, kowannensu a ƙarƙashin alamar da ba ita ce tasa ba shekara tara da suka wuce.